Gadin Kofur

"Tsaya nan! Wane ne?"

Na ja birki a tsakar gida da bokiti a hannu. Kofur ne tsaye a ƙofar ɗakinsa, daga shi sai singileti da gajeren wando, ya saita ni da ƙarfen labule. Labulen kansa yana ƙasa, ya tattake shi.

"Baba, ni ce fa, Mai Ɗinki. Ruwa zan ɗiba."

"Ba a wucewa ta nan."

"To ta ina zan bi in je famfo? Ta kan rufi?"

Bai yi dariya ba. Mutumin da kullum shi ke fara tsokanata da safe, yana cewa keken ɗinkina ya fi motar yaƙi ƙara, yau yana kallona kamar bai taɓa ganin fuskata ba. Ya leƙa bayana, ya duba ƙofar gida, sannan ya rage murya.

"An turo mai karɓata?"

"Mai karɓar me, Baba?"

Matarsa, wadda duk gidan muke kira Inna, ta fito ta bayansa tana ɗingishi, ta yi mini alama da hannu in rabu da shi. Ta ce da gari ya waye ta shafa gado ta ji ba kowa, ta leƙo ta gan shi a haka. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, duk ko a jikinsa.

Gidanmu gidan haya ne, ɗakuna a jere suna kallon juna, famfo ɗaya a can ƙurya kusa da ƙofar baya. Ɗakin Kofur ne na ƙarshe, don haka duk mai son ruwa ko banɗaki sai ya bi ta gabansa. Bai daɗe da dawowa daga asibiti ba. Likita ya gaya wa 'yarsa, Malama, mai koyarwa a firamare, cewa zuciyar ta gaji, abin da ya rage shi ne a kai shi gida ya kwanta, a ɗora masa ƙafafu a kan matashi, a lallaɓa shi. Ƙafafun kuwa sun kumbura suntum, har ƙyalli suke yi. Da waɗannan ƙafafun ya tashi ya kama tsayuwa.

Ranar farko mun mai da abin wasa. Masu zuwa famfo suna sara masa, yana barinsu su wuce ɗaya bayan ɗaya, sai ya ƙare wa kowa kallo tukuna. Mijina, direban bas ne kuma ba ya rasa abin faɗa, ya ce ai mun samu maigadi kyauta, a daina kulle ƙofa. Da aka kwana biyu sai dariya ta ɗauke. Kofur ba ya zama. In an kawo kujera sai ya ture ta da ƙafa. Ruwa yake sha a tsaye, magani kuma sai in Inna ta yi dabara ta narka masa a shayi. In barci ya ci ƙarfinsa ya sulale, maza su ɗauke shi su kai gado, yana farkawa zai rarrafo ya kama bango ya miƙe, yana haki, yana neman ƙarfen labulensa.

Malama ta zo daga makaranta da alli a hannun riga, ta tsaya a gabansa ta yi masa magana a hankali, kamar yadda take yi wa 'yan aji ɗaya.

"Baba, an gama yaƙi tun kafin a haife ni. Ku kuka ci. Kowa ya koma gida."

"Ba a gaya mini ba."

"To ga shi ina gaya maka."

"Ke wace ce a soja?"

Ta juya ta shige ɗaki, na jiyo tana fyace hanci.

Da yamma Inna ta zo ta zauna a bakin kekena, ta daɗe tana murza wani ƙyalle da na yar. "'Yata," ta ce, "ni ba roƙon Allah nake ya bar mini shi ba. Na san lokaci ya yi, idona ya gani. Amma a ce mutum ya mutu a tsaye a bakin ƙofa kamar wanda ba shi da kowa? Ni dai ya kwanta. Ya kwanta kawai, in riƙe hannunsa."

Tausayinta ya kama ni, haushi kuma ya biyo baya, ban ma san haushin wa nake ji ba. Na ce wa mijina tunda bakinsa ba ya shiru, ya nemo mana dabara. Dabarar da ya nemo ita ce aron kakin wani abokinsa mai gadin banki, har da hula da bel. Wandon bai kai masa idon sawu ba, tumbinsa kuma ya ƙi shiga rigar. Haka ya tako tsakar gida yana buga ƙafa, ya tsaya a gaban Kofur ya buɗe murya.

"Kofur! Ni ne babban hafsa! Na ba ka oda ka je ka kwanta yanzu-yanzu!"

Kofur ya dube shi tun daga hula har silifas, don mijin nawa ya manta da zancen takalmi.

"Wa zai tsaya a nan?"

"Ba kowa. An gama. Je ka huta."

"A bar wuri ba kowa?" Ya ɗaga ƙarfen labule. "Kai ɗan leƙen asiri ne."

Ban taɓa sanin mijina na da gudu haka ba. Hular bankin ma a bakin famfo muka tsince ta.

Ni bayan yaƙin aka haife ni, abin da na sani game da shi duk a bakin Kofur na ji. Yaƙin basasa ne, ƙasa ɗaya ta rabu biyu, mutanen wannan gefen kogi da mutanen tsallake. An yi shekaru ana yi. Amma in Kofur zai ba da labari, rana ɗaya kawai yake bayarwa, ranar gada. Lokacin yana da lafiya sai ya zo ya hana ni aiki, ya shimfiɗa tef ɗin awona a kan tebur ya ce wannan ne kogi, ya gicciye almakashi a kai ya ce ga gada, ya jera zaruruwana, baƙaƙe a nan, jajaye a can.

"Kin ga gadar nan? Man fetur, gishiri, harsashi, magani, duk ta kanta suke bi. Wanda ya riƙe ta ya riƙe maƙogwaron ɗan'uwansa. Ranar da muka ci ta, yaƙi ya ƙare."

"Ka ce an ƙara shekaru ana yi."

"An ƙara. Amma ya ƙare."

Ni dai ban taɓa gane wannan lissafin ba. Abu ya ƙare kuma ana ci gaba da mutuwa a cikinsa? Malama takan ce a littafi ba haka aka rubuta ba, wai bayan gadar ne ƙasashen waje suka ga inda nasara ta karkata, suka daina sayar wa mutanen tsallake makamai. Mijina kuma ya ce duk surutu ne, ruwan sama aka yi ranar, wani ya yi sa'a wani bai yi ba. Kowa da tasa, ni kuwa so nake a ba ni almakashina.

Wata rana na tambaye shi, "To Baba, kai kana ina a cikin zaren nan?" Sai ya ɗauki maɓalli ɗaya, ya kai shi can bakin tebur, nesa da almakashi, har ya kusa faɗuwa.

"Nan."

"Ai nan babu yaƙi."

"Hanyar baya ce. Aka ajiye ni da gangunan mai, aka ce kada in motsa."

"Sai me ya faru?"

"Sai muka ci."

Daga nan ya tattara zaren ya miƙo mini. Ban ƙara tambaya ba, don a lokacin riguna ke jirana.

Da dabarar mijina ta watse, na zauna na yi tunanin wa ya rage a unguwar nan da ya san kan soja. Mutum ɗaya ne, kuma ba wanda zai so a ambace shi a ɗakin Inna. Mai Makulli ake ce masa. Tsoho ne siriri, yana zama a bakin titi ƙarƙashin rumfar wani kanti, da ɗan teburinsa cike da kwaɗuna da makullai da zarto, yana gyaran lema kuma in damina ta zo. Kowa ya san sojan tsallake ne. Bayan yaƙi ya zo garin nan neman abinci, don garinsu bai rage ba. Shekara da shekaru shi da Kofur suna bin layi ɗaya, gaisuwarsu ba ta wuce ɗaga kai. Inna kuwa ko ɗaga kan ba ta yi. Ƙanenta ya mutu a kan gadar nan, ba a ga ko gawarsa ba. In kwaɗonta ya lalace ta gwammace ta shiga mota ta kai wata unguwa.

Na same shi yana goga makulli, tabarau ɗaure da zare a bayan kai. Na gaishe shi, na zayyana masa komai. Bai ɗago ba sai da na kai wurin kakin banki, nan ne kafaɗarsa ta ɗan girgiza don dariya.

"Yana zama?" ya tambaya.

"Ko kusa."

"Yana tambayar mai karɓarsa?"

"Kowa ya gani sai ya tambaya. Mu ba mu san me yake nufi ba."

Ya ajiye zarto. "Gadi yake yi, 'yata. Sojan da aka ajiye a wuri ba ya barinsa don an ce masa an gama yaƙi. Ko wa ya faɗa. Sai wani soja ya zo ya tsaya a gabansa, ya ji abin da aka ba shi tsaro, ya maimaita masa ɗaya bayan ɗaya, ya karɓa, ya tsaya a wurin. Sannan na farko ya tafi. Ku kuna ta ce masa ya tafi ya bar wuri ba kowa. Ai gara ku ce ya yi tsirara a kasuwa."

"To kai Baba, ya aka yi ka san tsarinsu?"

"Tsarinsu?" Ya cire tabarau ya dube ni. "Kafin mu rabu ai soja ɗaya ne. A fili ɗaya aka koya mana, Saje ɗaya ya zagi iyayenmu."

Na gaya masa zancen maɓallin da Kofur yake ajiyewa a bakin tebur. Ya gyaɗa kai. Ya ce yana jin da sojojin wannan gefen suka ci gadar, duk suka kwasa da gudu suka tsallaka suna bin mutanen tsallake, aka manta da na baya. Ya ce ba mamaki Kofur ya tsaya har yunwa ta kore shi, ko wata mota ta kwashe shi, amma ba wanda ya zo ya ce masa na karɓa.

Tunda na samu wanda ya buɗe baki, sai na yi masa tambayar da ta daɗe tana cina. Na ce don Allah ya gaya mini, wace irin gada ce wannan da rana ɗaya a kanta ta fi shekaru nauyi.

"Gada ce kawai, siminti da ƙarfe," ya ce. "Mutanen da muka rasa a kanta ma ba su kai waɗanda muka rasa a wasu wuraren ba. Abin da ya biyo baya ne. Kafin gada, in muka shiga ƙauye, mata ke fito mana da ruwa tun ba mu roƙa ba. Bayan gada, muna shiga sai mu ji ana tura ƙofa. Ba su tsane mu ba, sun dai gane wa zai zo bayanmu ya tambaye su wa suka ba ruwa. Sannan mu kanmu, kowa ya nemi rigar gida ya naɗe ya cusa a ƙasan jakarsa. Ba wanda ya gaya wa wani. Kina ganin sojan da ke da rigar gida a ƙasan jaka, yaƙi yake yi? Jira yake. Haka muka yi ta jira muna mutuwa."

"Kai ka ga gadar ranar?"

"Ina fa. Motarmu ta mutu a hanya. Muna turi aka ci mu."

Na riƙe haɓa. "To wai wa ya yi yaƙin nan? Kai kana tura mota, shi yana gadin ganga."

"Waɗanda suka yi shi ba su dawo sun ba da labari ba."

Kaina ya ƙara ɗaurewa fiye da yadda na zo da shi. Na bar zancen, na ce ya taimaka ya zo ya karɓi Kofur. Ya mai da tabarau, ya ɗauki zarto.

"Ni na tsallake ne. In ya gane ni, zai ɗauka an ci su, ya mutu da baƙin ciki. Kuma ba zan taka ƙofar matar nan ba sai in ita ta kira ni."

Da na kai wa Inna maganar, kallon da ta yi mini sai da na ji kamar in koma ciki in sake fitowa. Ta ce, "Shi? A ƙofata? Mutumin da ba mamaki shi ya harbi ɗan'uwana?" Na ce ai ko gadar bai gani ba, mota yake turawa. Ta ce kowannensu haka yake cewa, duk tsallake ba wanda ya yi harbi, kowa mota yake turawa. Na koma kan kekena.

Washegari da hantsi ina kan keke na ji wani irin ƙara, sannan ihun Malama. Kofur ya faɗi, goshinsa ya bugi dakalin famfo. Jini ya wanke masa rabin fuska. Kafin a kawo tsumma ya kama ƙafar mijina yana hawa jikinsa kamar mai hawa bishiya, har ya miƙe. Numfashinsa yana fita da wata ƙara kamar ana jan ruwa da tsinke. Ya laluba ya samu ƙarfen labule, ya koma wurinsa, jini na ɗiga a singileti.

"An turo mai karɓata?" ya ce, muryar da ƙyar take fita.

Inna na tsaye da tsumman a hannu, ya ƙi bari ta taɓa shi. Ta dube shi, ta dubi ƙafafunsa da suka fara tsattsafo da ruwa. Ba ta juyo ta kalle ni ba ta ce, "Je ki kira shi."

Mai Makulli bai tambaye ni komai ba. Ya tattara kwaɗunansa ya zuba a akwati, ya ɓalle maɓallan rigarsa har wuya, ya cusa ta cikin wando. A hanya tafiyar tsofaffi yake yi, ina ta jiransa. Muna isa ƙofar gida sai ya tsaya, ya miƙe bayansa, ya shiga da wata irin tafiya da ban san yana da ita ba. Duk 'yan gidan sun fito sun jeru a bakin ɗakunansu.

"Tsaya nan! Wane ne?"

"Mai karɓa."

"Matso a gan ka."

Ya matsa, ya tsaya daf da shi, ya haɗe ƙafafu. Kofur ya goge jinin da ya rufe masa ido da bayan hannu, ya daɗe yana kallonsa.

"Kai na tsallake ne."

"Ni ne."

Kofur ya ƙara damƙe ƙarfen labule. "An ci mu ke nan?"

"Ku kuka ci. Kun ci gada tun da rana. Naku duk sun tsallaka sun yi gaba, ba wanda ya rage ya karɓe ka sai ni."

"Mun ci, kuma kai ka zo?"

"Ni na zo."

Kofur ya waiga ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman wanda zai warware masa. Ba wanda ya iya, don mu ma a ɗaure muke. Na ɗauka zai ɗaga ƙarfen ya yi masa irin ta mijina. Sai na ga ya dubi ƙafafun Mai Makulli, yadda ya haɗe dugadugai, ya dubi yadda ya sauke hannuwa a gefen wando. Ya ja numfashi.

"Ka iya tsayuwa," ya ce. "Wa ya koya maka?"

"Wanda ya koya maka."

Kofur ya gyara tsayuwa iyakar ƙarfinsa. "To saurara. An ba ni hanyar baya, kada kowa ya wuce sai an san shi."

"Hanyar baya, kada kowa ya wuce sai an san shi."

"An ba ni gangunan mai. Ɗaya tana yoyo, kada a kunna wuta kusa."

"Gangunan mai. Ɗaya tana yoyo, ba a kunna wuta kusa."

"Akwai wani yaro da aka harba a ciki, na jingine shi a gindin bishiya. Yana ta kiran ruwa. Tun ɗazu ya daina."

"Yaro a gindin bishiya. Ya daina kiran ruwa."

Idon Kofur ya shiga yawo a tsakar gida. Na zaci ya gama. Sai ya ci gaba da wata murya daban, irin wadda yake tsokanata da ita.

"Famfon nan, in ba a matse shi sosai ba, kwana yake yana zuba."

"Famfo, a matse shi sosai."

"Akwai 'yata, tana koyarwa. Ba ta cin abinci in ranta ya ɓaci, sai an matsa mata."

"'Yarka. A matsa mata ta ci."

"Akwai matata." Ya tsaya yana haki. "Ƙafarta na ciwo, ba ta faɗa. Ba ta son a tausaya mata. Kada a bar ta ita kaɗai."

Mai Makulli bai dubi Inna ba, ita ma ba ta dube shi ba. Ya ce, "Matarka. Ƙafarta na ciwo. Ba za a bar ta ita kaɗai ba."

"Shi ke nan abin da aka ba ni."

"Na karɓa."

Kofur ya miƙa masa ƙarfen labule da hannu biyu, ya ja da baya, ya ba shi wurin. Mai Makulli ya shiga ya tsaya daidai inda ƙafafun Kofur suka bar jiƙa a siminti, ya juya yana fuskantar tsakar gida. Kofur ya dubi Inna kamar yanzu ta dawo daga tafiya.

"Ke, na gaji," ya ce. "Ina gado?"

Mijina da wani maƙwabci suka riƙe shi suka kai shi. Na bi su da ruwan ɗumi. Inna ta goge masa goshi, Malama ta ɗora masa ƙafafu a kan matashi, bai hana su ba. Ya sha shayi kaɗan da cokali. Ya tambaya ko mai karɓar yana nan, aka ɗaga masa kai ya hango bayan rigar Mai Makulli ta ƙofa, ya koma ya kwanta. Inna ta zauna a bakin gado ta riƙe hannunsa, mu kuma muka fito muka ba su wuri.

Bayan azahar Malama ta leƙo ta kira mijina da ido. Ba a yi kururuwa ba. Na ji Inna tana salati a hankali, sai na san an gama. Na zauna a kan bokitina na yi kuka sosai, kukan da ni kaina ban san ina da shi ba, don mutumin nan ya hana ni aiki ya fi a ƙirga, kuma ko sau ɗaya ban taɓa gode masa ba da ya ɗauke ni a bakin wadda za a ba labari.

Nan da nan gida ya cika. Maza suka shiga shirin abin da ake yi wa mamaci, mata suka cika ɗakina da na kusa da shi. A cikin wannan hidimar ne na fito ɗiban ruwa na ga Mai Makulli. Yana nan inda aka bar shi, ƙarfen labule a hannu, gumi ya jiƙa masa riga. Masu shigowa gaisuwa suna raɓa shi suna wucewa, wasu na kallonsa suna raɗa.

"Baba, ya rasu fa," na ce masa.

"Na ji."

"To ka zo ka zauna. Ga kujera."

Ya girgiza kai.

"Haba Baba, ai don ya kwanta muka yi. Ya kwanta. Yanzu kuma me ya rage?"

"Na ce na karɓa," ya ce, bai dube ni ba.

Na tsaya da kujera a hannu kamar wata sakarya. Na dubi mazan gidan, direba, mai kanti, ɗan makaranta, ba soja ko ɗaya. Na rasa wa zan kira ya karɓe shi. Har aka fito da Kofur aka wuce da shi ta gabansa, abin da ya yi kawai shi ne ya haɗe ƙafafu ya ɗaga kai, bai bi su ba.

Da la'asar rana ta juyo ta cika ƙofar ɗakin. Sai ga Inna ta fito tana ɗingishi, da 'yar kujerarta ta tsugunno a hannu. Mata suka ce ta koma ciki, ta yi kamar ba ta ji ba. Na ɗauka korarsa za ta yi, har na fara matsowa. Ta ajiye kujerar a bakin ƙofa, a bayansa, ta zauna ta miƙe ƙafar da ke ciwo, ta ɗora hannuwa a cinya.

Rana na dukan fuskarta, tana ƙifta ido. Mai Makulli bai waiga ba. Ya ɗan gusa gefe kaɗan, har inuwarsa ta rufe ta.